Taɓaryar Safara'u

Taɓarya tana sama Dije mai ƙosai ta faɗo gidan, ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Safara'u, ajiye dakan nan. Labaran ya cika."

Safara'u ta cafe taɓaryar ta tsaya riƙe da ita. Ta lura har yanzu akwai ƙullu a yatsun Dije, ke nan a kan wuta ta baro kaskon.

"A can asibitin?"

"A can Kano, da asuba. Suna tafe da shi, an ce sun kusa gada."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ba ta yi kuka ba. Ta jingine taɓaryar a jikin katanga, ta ɗauko faifai ta rufe turmin saboda kaji, ta shiga ɗaki neman mayafi. Ta daɗe tana nema alhali yana kafaɗarta. Da ta fito sai ta tsaya tana kallon katangar da ta raba gidanta da nasu Labaran. Katangar ƙasa ce, damina ta ci kanta har mutum mai tsayi yana iya leƙowa. Bayanta ɗakinsa yake.

Labaran taubashinta ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya. Da aka yi mata aure aka kawo ta gidan Malam Ɗanlami, sai ta zama maƙwabciyarsa kuma. Malam ya rasu shekara tara ke nan, 'ya'ya sun watse, ita da Labaran suka rage a layin cikin tsofaffin hannu. Shekara hamsin suna musu a kan wane ne bawan wani, ba a taɓa raba gardamar ba.

Mutanen Wudil sun san shi da Labaran mai gyaran rediyo, mai ɗan teburi kusa da tasha. Da waya ta kashe rediyo ya koma gyaran fitila mai caji da fanka. Yaran yanzu iyakar abin da suka sani ke nan. Manya kaɗan ne suke tuna cewa ya yi shekara goma sha huɗu a Kano, su ma ba sa ta da zancen, domin gidan su Labaran gidan malamai ne.

Kiɗa ya yi a Kano. A wani ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da katifu, shi ne yake zama gaban fiyano yana haɗa wa waƙoƙin fim kiɗa. Mawaƙi zai zo da baitinsa a baki, ya rera sau biyu, Labaran ya lumshe ido ya nemo masa abin da zai hau kai. Ganga, sarewa, duk daga yatsunsa suke fita. In kaset ya fito, hoton 'yan wasa ne a jiki. Mawaƙin ma da ƙyar ake sa sunansa a ƙasa. Wurin kiɗa kuwa sai a rubuta sunan ɗakin da aka yi aikin, shi ke nan.

Duk Alhamis da yamma yake dawowa gida ya yi Juma'a. Wata safiya, tun Safara'u tana goyon ɗanta na uku, tana cikin daka ta ɗaga kai ta ga wata 'yar rakoda a kan katanga, jar fitilarta tana kunne.

"Kai, mene ne wannan?"

Kansa ya ɓullo. "Ci gaba, baiwata. Dakanki nake sata."

"Ka rasa abin sata sai daka? Allah ya shirye ka."

"Ai naki daban ne. Gurgu ne."

"Uban wa ne gurgun?"

"Matan duniya in sun cilla taɓarya sau ɗaya suke tafawa. Ke sai kin buga uku, ki cilla, ki tafa biyu, sannan ki tsaya kamar kin manta abin da kike yi. Wannan tsayawar nake so."

Ta jefe shi da ɓawon kabewa, ya sunkuya yana dariya, bai kashe rakodar ba.

Bayan wata huɗu waƙar ta fito. Ba wanda yake kiranta da sunanta, waƙar mai jan gyale ake cewa, saboda gyalen da yarinyar fim ɗin ta yafa. A tasha ita ce, a kasuwar Juma'a ita ce, masu kwale-kwale a bakin kogi ita suke bi da fito. 'Yan mata suka bi shaguna neman jan gyale har ya yi tsada. Farkon waƙar babu murya. Bugu uku ne masu nauyi, tafi biyu, ɗan shiru, sannan sarewa ta shigo. Ranar da Safara'u ta fara jinta a rediyon Malam, sai da ta shige ɗaki ta toshe bakinta da zani don dariya. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa cewa turminta ne ake rawa da shi a gidan biki?

Matar Labaran ta rasu ta bar masa 'ya mai shekara biyu, Radiyya. Yayarsa Hajiya Murja ta ɗauke ta, amma da sharaɗi. Ba za ta raini yarinyar da za a riƙa nunawa ana cewa 'yar makaɗi ce ba. Ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai taɓa gaya wa yarinyar sana'arsa ba. Ya yi. Bayan 'yan shekaru kuma aikin ya bar shi da kansa, samari masu kwamfuta suka cika ɗakunan. Ya naɗe fiyanonsa a bargo ya hau mota ya dawo Wudil.

Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Safara'u ce take miƙa masa kunu da safe, ta ƙofa, tunda ya daina iya leƙowa ta katanga. Sati biyu kafin a tafi da shi Kano ta same shi a zaure a kan tabarma, hannun hagun yana kan cinyarsa kamar na aro, na daman yana ta motsi a kan tabarmar, yatsu suna hawa suna sauka.

"Har yanzu ba ka tuba ba?" in ji ta.

"Hannun ne bai ji labari ba." Maganar tana fita a karkace. Ya kurɓi kunun ya ajiye. "Kin tuna bikin Radiyya?"

"Ni da na yi tuwon."

"Da mai kiɗan na'urar nan ya sa waƙar, ina waje a kan benci da tsofaffi. Na ji guɗa. Aka ce amarya ce ta tashi da kanta, wai waƙar da ta fi so ke nan a duniya. Wani dattijo kusa da ni ya yi tsaki ya ce, ko wane ɗan iska ne ya kaɗa wannan. Na ce masa wallahi kuwa."

Ya yi dariya, rabin fuskar ne ya yi ta.

"To ka gaya mata mana. Ta yi aure, har da ɗa. Me ya rage?"

"Na yi wa Yaya alkawari."

"Sai ka haƙura."

"Ke ai ba ki yi ba."

Safara'u ta ɗauki kwanonta. "Kada ka sa ni a tsakaninka da Yaya Murja. Na tsufa da rigima. Gwiwata ma ta ishe ni."

"Baiwa ba ta musu da ubangidanta."

"In ka ga ubangidan ka gaishe shi."

Maganarsu ta ƙarshe a kan zancen ke nan. Ita ce take ta dawo mata yanzu, tana zaune a tsakar gidan su Labaran cikin mata, bayan maza sun ɗauki makara sun fita. Rana ta take. An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, masu gaisuwa suna shigowa layi-layi.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin."

Hajiya Murja tana zaune a tsakiya da carbi, ta haura saba'in amma bayanta a miƙe. Radiyya tana gefenta, idanu sun kumbura, jaririnta yana barci a cinya. Wata mata tana cewa ai Labaran mutum ne marar hayaniya, ko rediyon da ya gyara ba ya ƙure wa murya. Sai waya ta yi ƙara a cikin jakar Radiyya.

Bugu uku. Tafi biyu. Shiru. Sarewa.

Matan duk suka juyo. Radiyya ta rikice tana laluben jaka da hannu ɗaya, wayar ta maƙale a cikin kayan yaro, sarewar tana ta hawa.

"Subhanallahi! Kiɗa a gidan mutuwa?"

"Yaran zamani ke nan. Ko ƙasa ba a gama rufa masa ba."

"Ku yi haƙuri, na manta ban kashe ba," in ji Radiyya, hawaye na zubo mata. "Wayyo Baba, ka yafe mini."

Safara'u ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, idon Hajiya Murja yana kanta.

Bayan la'asar Hajiyar ta same ta a madafa tana kankare tukunya. Ta janyo ƙofar langa-langar.

"Safara'u, na san ya yi miki magana. Ya yi mini ni ma a gadon asibiti, ban amsa ba."

"Yaya, mutumin nan ya tafi."

"Shi ya sa. A bar shi ya tafi da mutuncinsa. Kin ji abin da matan nan suka ce ɗazu? Haka za su ce a kansa. Dangin mijinta suna nan zaune. Ina so ki ce mini bakinki ba zai faɗa ba."

Safara'u ta dubi tukunyar. Tun tana yarinya ba ta taɓa iya yi wa Yaya Murja musu ba, kuma ga gajiya, tun safe ko ruwa ba ta sha ba.

"Bakina ba zai faɗa ba," ta ce.

"Kayan da ke ƙarƙashin gadonsa kuma, in an share makoki zan sa a kai wa masu gwangwan. Makullin yana wurina." Ta taɓa gefen zaninta.

Kwana biyu Safara'u tana shiga tana fita a gidan, tana dafawa tana rabawa, ba ta haɗa ido da Radiyya. Sau ɗaya yarinyar ta riƙo hannunta a bakin rijiya.

"Gwaggo, ke kika fi kowa zama da shi. Ni ban san shi ba sosai. In na zo gaishe shi sai ya yi ta kallona, ya tambayi karatu, shi ke nan. Wane irin mutum ne?"

"Mutumin kirki ne."

"Kowa haka yake cewa."

"To haka ɗin ne." Ta zare hannunta ta ɗauki guga.

Ranar uku aka jiƙa gero don gumbar sadaka. Wata ta ce a kai inji, Hajiya Murja ta ce gumbar inji ba gumba ba ce, a daka. Aka mirgino turmin Safara'u daga gidanta, don ya fi na kowa zurfi. Matasan matan suka fara, biyu-biyu, a hankali, yadda ake daka a gidan makoki, ba wasa ba hira. Ba su saba ba, kafin a jima sun fara duba tafin hannunsu. Radiyya tana zaune a kan kujerar tsuguno tana tankaɗe, washegari za ta koma Kano.

Safara'u ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa.

"Ba ni nan."

"Haba Gwaggo, ki zauna, za mu iya."

"Turmina ne. Ba ni."

Ta karɓi taɓaryar. Ta fara kamar kowa, bugu ɗaya bayan ɗaya. Tana jin idon Hajiya Murja a bayanta daga bakin ɗaki. Ta ce a ranta, Labaran, ka ga abin da ka ja mini. Sai ta gyara tsayuwa.

Ta buga uku. Ta cilla taɓaryar sama, ta tafa biyu. Ta cafe ta tsaya.

Ta sake. Kafaɗarta tana ƙara, amma hannun bai manta ba. Uku, biyu, shiru. Uku, biyu, shiru.

"A'a, Safara'u, lafiyarki?" in ji Dije. "Lugude a gidan makoki?"

"Tsufa ne ya fara taɓa ta," wata ta ce ƙasa-ƙasa.

Ba ta kula su ba. Radiyya ta daina tankaɗe. Rariyar tana hannunta, gari yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. A shiru na huɗu leɓenta ya motsa, ta ɗan rera abin da sarewa take yi a wurin, a hankali, kamar ba da saninta ba. Ya zauna daram.

"Safara'u!" Hajiya Murja ta miƙe. "Ajiye taɓaryar nan."

Ta ajiye. Numfashinta yana fita da ƙyar.

"Gwaggo," in ji Radiyya, "ashe kin san waƙar nan. A ina kika koyi bin ta haka?"

"Ban koya ba."

"To ya aka yi..."

"Haka nake dakana tun ba a haife ki ba. Tambayi Dije."

Dije ta gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Tun tana amarya haka take yi, har tsiya muke mata."

"Duk layin nan an san shi," Safara'u ta ce. "Wanda ya fi kowa jin sa kuwa, mai kwana a bayan katangata ne."

Ta ɗauki mayafinta ta goge fuska. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Radiyya ta juya ta dubi ɗakin ubanta, da kwaɗo a ƙofar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo wurin matar da ta raine ta.

"Umma, shekarun da Baba ya yi a Kano, wane aiki yake yi?"

"Aiki yake yi."

"Wane iri?"

Daga waje ana jin muryar maza suna karatu, wata babbar mota ta wuce a titi tana hon. Hajiya Murja ta dubi Safara'u, kallon ba na faɗa ba ne, na wadda ta ɗauki kaya tun safe ne aka ce mata ga inda za ta sauke. Ta koma ta zauna a bakin ƙofa. Yatsunta suka daɗe suna fama da ƙullin gefen zani kafin ya kwance.

"Don ke na yi," ta ce, ta miƙa makullin ba ta ɗago ba. "Ko na yi daidai ko ban yi ba, Allah ya sani. Hannu gare shi tun yana yaro. Ƙoren Inna duk ya fasa su da kiɗa."

Radiyya ta buɗe ɗakin. Safara'u ba ta bi ta ba, amma daga inda take tana hango ta durƙushe tana janyo wani dogon abu a naɗe cikin bargo, da kwalin taliya cike da kaset. A bayan kowane kaset, ƙarƙashin hoton 'yan wasa, inda aka buga sunan ɗakin kiɗa, an ja layi da biro an rubuta wani abu da ajami, ƙanana. Radiyya ta fito da guda ɗaya, mai hoton yarinya da jan gyale. Ta karanta a fili.

"Labaran Wudil." Ta matso da shi kusa da ido. "Akwai ƙari a wannan. Da baiwarsa Safara'u."

"Ƙarya yake," in ji Safara'u. "Shi ne bawan."

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ta zauna a ƙasa kusa da turmin ta yi shi sosai, matan suka bar ta. Dije ta ɗauki taɓaryar ta ƙarasa gumbar.

An yi maganganu a layin, kamar yadda Hajiya Murja ta faɗa. Wasu sun ce ashe makaɗi ne, Allah ya yafe masa. Wani direba a tasha ya ce shekara nawa yana kai masa gyara, da ya sani da ya ɗauki hoto da shi. Bayan sati biyu zancen ya mutu, aka koma maganar tsadar taki. Waƙar tana nan a wayoyin mutane, ba a canza komai a jikinta ba. Radiyya ta tafi da fiyanon da kwalin. Hajiya Murja ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Safara'u da kyau, daga baya ta aiko mata da man zafi don gwiwa.

Ɗakin bayan katanga yanzu buhunan gero ne a ciki. 'Ya'yan Safara'u sun hana ta daka, sun ce ga inji a bakin layi. Ta bar musu hatsi. Amma kayan miya ba ta yarda a kai ba. Kullum da hantsi takan janyo turmin zuwa gindin katangar, ta zuba ɗan barkono da daddawa. Ba ta iya cilla taɓarya sama sosai yanzu, ɗan saki take yi. Ta buga uku, ta tafa biyu, ta tsaya riƙe da ita daidai tsawon shigowar sarewa, sannan ta ci gaba.